A Sake Lale? Tsokaci Kan Ladabin Komawa Baya A Gasar Wasannin Dabara

Babu kalmar da ta fi haddasa rigima a wurin wasa kamar "a sake". Ko a gindin dalbejiya ake dara, ko a kan benci ake buga dam, ko kuwa a waya ake fafatawa da wani da ke wata ƙasa, da zarar ɗaya ya ce a sake, sai ka ga fuskar ɗayan ta canja. Dalili shi ne mutum biyu ne ke faɗin wannan kalma. Akwai mai gaskiya, wanda wani abu da ya fi ƙarfinsa ya ɓata masa wasa. Akwai kuma wanda ya hango kaye yana tafe, ya laɓe a bayanta. Abin da nake so in yi tsokaci a kai shi ne yadda masu ƙirƙirar wasannin dabara da masu shirya gasarsu ta intanet suke rarrabe waɗannan mutum biyu, da abin da hukuncinsu yake jawo wa irinmu masu wasa daga Garwa, Marwa ko Ngaundere, inda wuta da rezo ba su da alƙawari.

Mene ne sake lodi?

In na ce wasannin dabara, ina nufin waɗanda ake gina gari a cikinsu, a tara dukiya, a tura runduna, waɗanda tunani ya fi saurin yatsa amfani. Babbansu shi ne Civilization, wanda Sid Meier ya fito da shi a 1991, kamfanin Firaxis kuma ya fitar da kashi na huɗu a 2005. Bi da bi ake yinsa. Akwai ma tsarin da kowa zai yi nasa zagayen a gida, ya adana wasan a fayil, ya tura wa na gaba ta imel. Wasa guda yakan ɗauki watanni.

To a nan bango ya tsage. Fayil yana hannunka, ba mai ganinka. Ka kai wa birnin abokin karawarka hari, rundunarka ta ƙare. Sai ka rufe wasan, ka sake buɗe fayil ɗin yadda aka aiko maka shi, ka fasa harin. Ko ka tura ɗan leƙen asiri cikin daji, ka ga inda mayaƙan abokin gaba suka yi sansani, sannan ka sake lodi ka bar shi a gida. A fayil ɗin da za ka tura babu alamar wani ya fita, amma kai ka riga ka gani. Wannan shi ne sake lodi, kuma a gasa sunansa maguɗi.

Masu ƙirar wasan sun yi ƙoƙarin toshe ƙofar. Kwamfuta ba ta da ƙuri'a ta gaske. Akwai wata lamba da take ciro duk wata sa'a daga cikinta, mu kira ta ƙwayar sa'a. A kashi na huɗun nan an sa wannan ƙwaya tana shiga cikin fayil, ta yadda in ka maimaita hari iri ɗaya, sakamako iri ɗaya za ka samu ko sau goma ka gwada, sai dai in tun farko an zaɓi a riƙa sabunta ta. Dabara ce mai kyau, amma ta bar kafa biyu. Ta farko, in ka canja jerin ayyukanka, ka fara da wani ƙaramin faɗa kafin babban, sa'ar da za ta faɗo kan babban ta canja. Ta biyu ta fi muni: babu lambar da za ta cire maka abin da idonka ya gani. Shi ya sa masu gasa da yawa suka koma tsarin Pitboss, inda wasan ke zaune a wata babbar kwamfuta kowa ya shiga ya yi nasa a can, fayil bai kwana a hannun kowa ba.

Wasu kuma suka zo da tsarin da suke kira Ironman, kamar a XCOM: Enemy Unknown na 2012 da Europa Universalis IV na 2013. Ajiya guda ce tak, kuma kowane taku yana goge na baya. Magana zarar bunu ke nan, in ta fita ba ta komawa. Ina yaba wannan tsari, sai dai yabona yana da iyaka, don kuwa ɗaure hannun ɓarawo ya yi, bai koya masa kunya ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne al'adar 'yan Age of Empires II, wasan da ya fito a 1999, aka ƙara masa daular Mali da labarin Sunjata a 2015, aka sabunta shi a 2019. Shi ba bi da bi ake yinsa ba, kowa na motsi lokaci guda, kuma kwamfuta ce ke shimfiɗa filin daga. Wani lokaci takan jefa maka zinariya ko dabbar farauta inda ba ta isuwa. Saboda haka gasanni da yawa sukan ba ɗan wasa damar cewa a sake, amma da sharaɗi biyu: adadin yana da iyaka, kuma sai a 'yan mintocin farko. In kuma fili ya lalace ƙarara, alƙalin gasa ne zai yanke a sake. Hikimar da ke ciki ita ce an yarda ka yi ƙorafin fili kafin a san wa ke gaba. In ƙura ta riga ta tashi, bakin alƙalami ya bushe.

Abin da 'yan dara suka riga mu sani

Duk wannan da na lissafa, 'yan dara sun daɗe da warware shi ba tare da kwamfuta ba. Gidaje talatin ne a haƙe a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsakuwa wancan da tsinke. A fara zubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Fili ne a kan rairayi, komai na iya faruwa da shi. Akuya takan ratsa ta tsakiya, yaro yakan tako da gudu, iska takan taso. In haka ta faru ba a cewa wasa ya mutu, ba a kuma cewa wane ya ci. 'Yan kallo ne ke sunkuyawa su ce wannan tsinken a nan yake, waccan tsakuwar a can take, taku kuma na wane ne. A mayar da komai inda yake, a ci gaba.

Amma bari mutum ya ɗaga ɗansa ya ajiye, ya ga dara za ta ci gida, ya miƙa hannu zai janye. Waɗannan 'yan kallon da suka taimaka ɗazu su ne za su yi masa caa. Ka ga ashe abu biyu ne mabambanta. Akwai mayar da wasa inda tsautsayi ya same shi. Akwai kuma mayar da wasa inda yake kafin ka yi kuskure. Na farko gyara ne, na biyu sata ce. A nawa ganin duk wata doka ta sake lodi da wannan ma'auni ya kamata a auna ta.

Haka abin yake a dam, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira diraf: ɗan da ka taɓa shi za ka tura. Mu a Kamaru ba baƙin wannan wasa ba ne, tunda Jean Marc Ndjofang ya zama zakaran Afirka a 2000 da 2010, ya kuma zo na biyu a gasar duniya da aka yi a Ufa ta Rasha a 2013. Darar Turawa, wato ches, ita ma dokarta ke nan: in ka taɓa ka ɗauka, in ka saki ka saki. Kuma kada a zaci ƙananan 'yan wasa ne kaɗai zuciya ke raya wa janyewa. A gasar Linares ta Sifaniya a 1994, Garry Kasparov, zakaran duniya, yana karawa da Judit Polgar mai shekara 17, ya ajiye dokinsa a wani gida, yatsunsa suka sake shi na ƙiftawar ido, sai ya ɗauke shi ya kai wani gidan. Yarinyar ba ta yi ƙara a lokacin ba, shi ya ci wasan, daga baya hoton bidiyo ya nuna ya saki. In hakan ta faru da zakara a gaban jama'a da kyamara, ina ga wanda ke zaune shi kaɗai a ɗaki da waya a hannu?

Wannan shi ne abin da intanet ta raba mu da shi. Ta kawo mana abokan karawa daga ko'ina a duniya, ta kwashe mana 'yan kallo.

In an ɗauke wuta a Garwa

Yanzu mu dawo gida. Wutar da arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da ita daga madatsar Lagdo take fitowa, wadda aka gina a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, kimanin kilomita 50 kudu da Garwa, mai ƙarfin megawat 72. In damina ba ta yi kyau ba ruwan tafkin ya ja baya, injuna ba sa bayar da abin da aka gina su don shi, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Ruwan kuwa yakan yi ƙasa a lokacin bazara, watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ke haura digiri 40 kowa na neman fanka. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Gidar da Marwa a 'yan shekarun nan sun rage raɗaɗin, amma duk mai wasa daga Yelwa, Fulɓere ko Rumde Ajiya ya san wayarsa na iya mutuwa, ko rezo ya ɓace, a daidai lokacin da ya ɗana tarkonsa.

Dokar da mafi yawan gasannin intanet ke bi mai sauƙi ce: layinka nauyinka ne, in ya yanke agogonka na tafiya, in lokaci ya ƙare ka faɗi. Na fahimci dalilinta. Alƙalin da ke Turai ba shi da hanyar sanin ko wuta aka ɗauke maka ko kai ka zare waya da hannunka. Amma ya kamata a faɗi gaskiya, wannan doka ba ɗaya take cizon kowa ba. Wanda ke zaune inda ba a ɗauke wuta sai shekara-shekara, a takarda kawai yake ganinta. Mu kuwa kullum da ita muke kwana.

Duk da haka da ana yi wa kowa hukunci ɗaya, da da sauƙi. Abin da ya faru a gasar ches ta ƙasashen duniya da hukumar FIDE ta shirya ta intanet a 2020, lokacin kullen korona, shi ne ya nuna inda gizo ke saƙar. A zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, Indiya ta haɗu da Armeniya. Layin Haik Martirosyan na Armeniya ya yanke yana tsakiyar wasa da Nihal Sarin, lokacinsa ya ƙare, aka ba Indiya. Armeniya ta ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita, ita kuma ta ƙi buga karawa ta biyu ta fice. Bayan kwana biyu, ranar 30 ga Agusta, aka zo wasan ƙarshe tsakanin Indiya da Rasha. An tashi karawar farko uku da uku. A ta biyu sai layin Nihal Sarin ɗin nan da na Divya Deshmukh suka yanke, lokacinsu ya ƙare, alhali ita Divya tana kan hanyar cin nata wasan. A lissafi Rasha ta ci. Indiya ta ɗaukaka ƙara, kwamiti ya kasa tsayar da magana ɗaya, sai shugaban hukumar, Arkady Dvorkovich, ya yanke a ba ƙasashen biyu zinariya.

Hujjar hukumar ita ce ranar wasan ƙarshe an sami babbar matsalar intanet da ta shafi ƙasashe da dama, ta Armeniya kuwa ba a ga shaidar ta wuce wurin ɗan wasan ba. Ban ce hujjar banza ce ba, kuma ban ce Indiya ta yi ƙarya ba. Abin da nake suka shi ne ma'aunin. Shi Martirosyan da su Nihal abu ɗaya ne ya same su: suna zaune suna wasa, layi ya tafi. Bambancin kawai shi ne tsautsayin wasu ya yi ƙarar da duniya ta ji, na wani kuma a ɗakinsa ya tsaya. In da haka za a riƙa aunawa, to ɗan Garwa ba zai taɓa samun sassauci ba, don ranar da aka ɗauke wuta a Lofere babu jaridar duniya da za ta buga.

Sannan duk hukuncin biyu sun kauce wa hanyar 'yan dara. A na farko an ce akuya ta ratsa, saboda haka wanda ta taka wa 'ya'ya ya faɗi. A na biyu an ce akuya ta ratsa, saboda haka kowa ya ci. Alhali kwamfuta ta fi kowane ɗan kallo riƙe inda kowane ɗa yake da daƙiƙar da ta rage wa kowa. Na san abin da za a ce: in aka tsaya na minti goma, mutum na iya tambayar manhaja takun da ya fi, ya dawo da amsa a aljihu. Tsoro ne mai tushe. Amma maganinsa sa ido ne, kamar kyamarar da ke kallon ɗan wasa da wakilin alƙali a ɗakin da tawaga ke zaune, kuma tun kafin a fara gasa ya kamata a rubuta abin da za a yi in layi ya yanke. Dokar da aka ƙirƙira bayan an ga wanda abin ya shafa, ko ta yi daidai, ba ta rabuwa da zargi.

Laifinmu na cikin gida

In an ciza sai a busa, in kuma an soki na nesa sai a waiwayo gida. A 'yan ƙananan gasannin da samari ke shiryawa tsakaninsu ta WhatsApp, na sha ganin abin da ke ba ni kunya. Mutum yana cin wasa, layinsa garau. Da zarar an karya masa runduna, sai ya ɓace. Bayan minti biyar ya dawo da saƙo: "Wallahi ɗan uwa an ɗauke wuta, mu sake." Har akwai waɗanda aka san su, wutar unguwarsu ba ta tafiya sai suna ƙasa. Wani kuma da gaske aka ɗauke masa wutar, amma faɗuwa ce ta zo daidai da zama, don ya san saura taku uku a gama da shi, sai ya dage lallai a fara daga farko maimakon a ɗora daga inda aka tsaya.

Masu yin haka suna ganin abokin karawarsu kaɗai suka cuta. A'a, mu duka suka cuta. "An ɗauke wuta" ita ce kaɗai hujjar da mai gaskiya a cikinmu yake da ita, kuma ba ta da shaida sai amincin mai faɗinta. Duk sanda maƙaryaci ya kashe ta, darajarta ta ragu, kamar kuɗin da jabu ya yi wa yawa a kasuwa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Gobe in ɗan Marwa ya shiga gasa da 'yan Duwala ko 'yan Faransa layinsa ya yanke da gaske, ya ce a yi masa uzuri, da wane ido za a dube shi?

Wani zai ce Malam, ai wasa ne, me ya yi zafi? Ni kuwa na ce saboda wasa ne abin ya fi nuna hali. Wanda ya kasa haƙurin rasa birnin da aka zana a waya, ban san yadda zai yi ba ranar da aka ba shi ajiyar kuɗin ƙungiya, ko ranar da ƙuri'a ta juya masa baya. Ɗan kokawar da aka kayar ba ya cewa ƙasa ce ta yi santsi a sake. Yakan karkaɗe jikinsa, ya jira wani karon.

Ladabin da nake ganin ya dace

Ba dokoki masu yawa muke bukata ba. Kafin a fara gasa, a rubuta a fili minti nawa za a jira wanda layinsa ya yanke, da sau nawa za a yi masa wannan uzuri, kowa ya gani ya amince. In wasan yana da ajiya, a ɗora daga ajiyar ƙarshe, kada a koma farko. In ba shi da ita, a riƙa ɗaukar hoton allo, mutum na uku da ba shi da rabo a wasan ya duba ya yanke. Wannan na ukun shi ne ɗan kallon da muka rasa, wajibi ne mu dawo da shi. Ƙorafin fili kuwa a yi shi a mintocin farko, kafin a san inda nasara ta karkata.

Sauran kuma tsakanin mutum ne da zuciyarsa. In ka buɗe fayil sau biyu saboda kwamfuta ta tsaya, ka faɗa da bakinka kafin a tambaye ka, ka kuma maimaita takun da ka yi da farko ko da ka ga ba su yi kyau ba. In layinka ya yanke kana ƙasa warwas, ka dawo ka ce wane ka ci, Allah ya ba da sa'a a gaba. In na abokinka ne ya yanke yana samanka, kada ka karɓi nasarar da agogo ya miƙo maka, ka jira shi. In ka san an kusa ɗauke wutar unguwarku, ka cika batirinka ka tanadi layi na biyu, ko ka nemi a ɗaga lokacin tun da wuri.

Muna da haƙƙin mu nemi manyan masu shirya gasa su san cewa akwai 'yan wasa a wuraren da wuta ke bin ruwan tafki. Amma wannan roƙo ba zai yi nauyi ba sai ranar da aka san ɗan arewacin Kamaru da cewa in ya ce an ɗauke wuta, to an ɗauke ɗin. Wannan suna ba hukuma ce za ta ba mu shi ba, mu ne za mu tara shi wasa bayan wasa, har da wasannin da faɗin gaskiya zai sa mu faɗi.

Allah ya sa mu dace.